Ka'abar Katako

Babakura ya durƙusa a kan yashi yana fama da haramin Sa'id, zanen kuwa sai zamewa yake yi. Yaron ba shi da ƙugun da zai riƙe zane. Ya naɗe, ya soke, ya sake naɗewa, daga ƙarshe ya ɗauko faffaɗan bel ɗin nan na alhazai mai aljihuna ya ɗaure masa tamau, ya rufe da mayafin sama. Ya sunsuna zanen a ɓoye, bai ji warin kifi ba. Tun ranar da aka raba haramin ya ba Cosmas, maƙwabcinsa mai sayar da kwali a Kasuwar Kifi ta Baga Road, shi kuma ya kai wa matarsa ta adana cikin akwatin kayan cocinta, don a gidan Babakura ko matashin kai warin banda yake yi.

Filin wata Islamiyya ne a Umarari. A tsakiya kafinta ya haɗa Ka'aba ta katako, an lulluɓe ta da baƙin yadi, an shafa fenti a kusurwa ɗaya a matsayin Hajarul Aswad. Yau ake bitar ƙarshe, jibi jirgi zai tashi da marayun da aka zaɓa, ciki har da Sa'id, zuwa Umra. Hajiya Ammatullahi, wadda ta ɗauki nauyin tafiyar, ta faɗa tun zaman farko ba tare da kwana-kwana ba, cewa duk mai riƙon yaron da ke da wata lalura da za ta sa ya ɓace cikin taro ya faɗa tun wuri, akwai wasu yaran suna jira. Babakura yana wurin ranar. Ya sunkuyar da kai ya gyara hularsa.

Sa'id ɗan ƙanwarsa ne. Yana ƙarami mutanen daji masu bindiga suka shiga ƙauyensu a bakin tafki, uwar ta tura shi ƙarƙashin wani kwale-kwale da aka kife, ta ce kada ya fito. Daga can ciki bai ga komai ba, ji kawai ya yi. Maza su haɗa baki su yi kabbara, sai harbi ya biyo, su sake kabbara, harbi ya sake biyowa. Babakura ne ya je daga baya tare da wasu masunta, shi ne ya ɗaga jirgin da hannunsa. Tun daga nan yaron yana jure kiran salla, yana salla a bayan kawunsa, amma da zarar taron maza sun ɗaga murya da kabbara sai ya fita hayyacinsa ya ruga. Ba ya zuwa Idi, ba ya zuwa wa'azi. An yi rubutu, an yi tofi, an je asibiti an sha ƙwaya. Babakura ya sa a ransa cewa in akwai sauran magani, to a Ɗakin Allah yake.

"Ka tsaya kusa da Malam," ya ce. "Ina nan bakin inuwa, ina ganinka."

Sa'id ya cire silifas ya miƙa masa.

Malam Mahmud, tsohon da ke koyar da bitar, ya jera yaran, maza a gaba da kafaɗar dama a buɗe, mata a baya cikin fararen hijabai. Ya nuna musu yadda za su bar Ka'aba a hagu. Komai na tafiya daidai sai ga motar Hajiya ta shigo, da wata a bayanta ɗauke da manyan baƙi da mai ɗaukar hoto. Inda duk aka ga babbar riga da kyamara, ba a rasa mai son a ji muryarsa. Wani matashi daga cikin masu hidima ya fizgi lasifika ya ƙwala, "Takbir!"

Filin ya amsa gaba ɗaya. Ya sake, aka sake amsawa fiye da na farko. Mutane suka taso suka kare wa Babakura gani, kowa na son ya matsa kusa da mota. Kafin ya kutsa ya kai inda yaran suke, gurbin Sa'id babu kowa.

Ya duba bayan azuzuwa, ya duba banɗaki, ya leƙa ƙarƙashin motoci. Ƙofar makarantar a buɗe take tun shigowar baƙi. Da ya gan ta, sai a lokacin ya tuna abin da ya ɗaura wa yaron. A wani garin, yaro mai gudu yaro ne kawai. A Maiduguri kuwa, yaro ya fito a guje, ido a warwaje, lulluɓe da zane, ga wani abu mai kauri ya yi tudu a cikinsa, ba kowa ne zai tsaya tambayarsa sunan ubansa ba. Garin ya yi sauƙi, gaskiya ne, amma mutane ba su manta da yaran da aka riƙa ɗaura wa bam ba.

Ya fita titi da silifas ɗin a hannu. Ya tambayi mai kankana, ya ce bai ga kowa ba. Ya tari wani mai keke da Hausa, da ya ga bai gane saurin maganarsa ba ya juya Kanuri, shi ma ya girgiza kai. A mahaɗar titi 'yan gora, 'yan sa-kai masu tsaron unguwa, na zaune a kan benci, sandunansu a jingine. Ya nufe su, ya tsaya. In ya ce musu yana neman yaro mai bel a ciki, me ya faɗa ke nan? In kuma ya yi shiru suka gan shi da kansu fa? Ya tsaya a tsakiyar rana yana kasa kunne, yana jiran ihu ko ƙarar da ya fi tsoro daga kowane lungu. Babu abin da ya ji sai hon ɗin keke da injin markaɗe.

Nan ne tunani ya zo masa. Duk gudun da Sa'id ya taɓa yi, bai taɓa yin nisa ba. Ƙarƙashin gado ake samunsa, ko cikin kwalayen Cosmas, ko bayan buhunan kifi. Wuri mai duhu yake nema, mai rufi a sama.

Ya koma ciki da sassarfa. Baƙi sun zauna a rumfa ana ta jawabi. Ya zagaya bayan Ka'abar, ya kwanta a kan yashi mai zafi, ya ɗaga gefen baƙin yadin. Sa'id na ciki a duƙunƙune tsakanin katakai, gwiwoyi a ƙirji, hannaye a kunne. Haka ya same shi a bakin tafki.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Ba sai ka fito ba."

Inuwa ta faɗo a kansa. Malam Mahmud ne, Hajiya na bayansa tana tambaya ko lafiya. Babakura ya tashi zaune, yashi a gemunsa. Ya ga ƙarya ba ta da wurin tsayawa, sai ya faɗa musu a taƙaice, kwale-kwalen da kabbarar da abin da ke biyo ta. Yana magana yana kallon ƙasa, yana jiran ta ce a kawo wani yaron.

Hajiya ta dubi Malam. Shi kuma ya ce ta dubi sauran yaran. Ta juya. Yaran na nan a layinsu inda aka bar su, babu mai motsi. Wata yarinya har yanzu yatsunta na cikin kunnuwanta ta ƙarƙashin hijabi. Wani ya jiƙa haraminsa, yana ƙoƙarin rufewa da hannu. Malam ya ce shi yana kusa da su lokacin da aka yi kabbarar, manya ne kaɗai suka amsa, ko yaro ɗaya bai buɗe baki ba.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta aika a kashe lasifikar, ta ce mai hoto ya je ya sha ruwa.

Malam ya koma gaban layi, ya ce za a yi ɗawafin a yadda ake, kada kowa ya taɓa yadin. Ya ɗaga hannu wajen kusurwa mai fenti ya ce Bismillahi Allahu akbar, da murya irin ta mai gaida mara lafiya. Yara kaɗan suka maimaita. Suka fara zagayawa, ƙafafu ba takalmi suna shuu a kan yashi. Babakura ya koma ya kwanta, rabin kansa a cikin yadin. Suka dawo kusurwar, aka sake kabbara, wannan karon da muryoyi fiye da ɗazu. Ya ga Sa'id ya ƙanƙame jiki yana jira. Babu abin da ya biyo baya sai shuu ɗin ƙafafu da tarin wani yaro. Aka sake zagayowa. Hannu ɗaya ya sauka daga kunne, can kuma ɗayan.

"Kawu."

"Na'am."

"Ba a harba ba."

"Ba a harba ba."

Aka sake wucewa. Sannan yaron ya tambaya ko a can Ɗakin Allah ma haka ne, don an ce mutanen can sun fi na Kasuwar Litinin yawa. Babakura bai taɓa wuce Kano ba. Ya faɗa masa abin da ya ji daga bakin Malam, cewa a can ba a shiga da makami, ko tsuntsu ba a kora, ko ƙaya ba a sarewa.

"Kai ka gani?"

"Ban gani ba. Kai za ka gano mana."

Saura zagaye ɗaya Sa'id ya rarrafo ya fito ta baya, mayafinsa duk ƙura. Babakura ya kai hannu ya kwance bel ɗin ya cusa a aljihunsa, yaron ya damƙe zanen da hannun hagu ya shiga ƙarshen layi. Da suka iso kusurwar ya ɗaga hannun dama tare da kowa. Leɓensa ya motsa, ko da yake babu wanda ya ji abin da ya fito.

Hajiya ta zo wucewa za ta koma rumfa, ta tsaya kusa da Babakura ba tare da ta dube shi ba. Ta ce jibi ya kawo yaron da wuri, kuma a samo masa igiya maimakon wancan abin. A can, in ji ta, hannunsa zai kasance cikin na Malam.

Babakura ya gyaɗa kai. Ya tsaya a rana da ƙananan silifas a hannunsa, yana kallon yaran sun nufi layin da aka shata a matsayin Safa da Marwa. Sai a lokacin ya tuna cewa jibi daga filin jirgi shi kaɗai zai koma gida.