Lahadin da Muka Daina Yarda da Baba

Ni ce na kafa dokar. Tun da ciwon mantuwa ya ci ƙarfin Baba, na ce duk wanda zai shigo gidan nan ya rataye gardamarsa a bakin ƙofa tare da rigar ruwansa. Ma'aikaciyar jinya ta ce kada a riƙa yi masa musu, don yana rikicewa. Ga kuma Ivor, ɗana, jariri ne da ko faɗuwar cokali takan firgita shi. Ba zan zuba ido a yi ta ihu a kansa ba.

Mutum biyu dokar ta fi shafa, Baffa Clive da Gwaggo Glenys. Ba jininmu ba ne, abokan Baba ne tun suna aiki tare a masana'antar ƙarfe ta nan Sheffield, amma da waɗannan sunaye na tashi ina kiransu. Kowace Lahadi bayan an ci gasasshen nama da dankali, sukan zauna a falonmu su kunna garmaho, su ɗauko gardamar daga inda suka ajiye ta makon jiya: wane faifan kiɗan rok ne ya fi kowanne a ƙasar nan a shekarun saba'in.

Baba yana bayan wanda muke kira Mai Hayaƙi, saboda hoton bututun masana'anta da ke bangonsa. 'Yan garinmu ne suka yi shi, jita da ganga da muryar da ta sha taba. Baffa Clive yana bayan Mai Fitila, na waɗansu 'yan Landan, mai hoton hasumiyar fitila ta bakin teku, waƙoƙinsa dogaye har da goge a ciki. Gwaggo Glenys kuwa ba ta da gefe. Duk wanda ta ga ya fara yin nasara, sai ta koma bayan ɗayan. Marigayiya mahaifiyata takan ce da ba don Glenys ba, da an gama maganar nan tun kafin a haife ni.

Suka bi dokata da aminci. Su zo, su zauna, a kunna Mai Hayaƙi can ƙasa-ƙasa kamar ana gudun tada maƙwabta. Baffa Clive ya dafa gwiwar Baba ya ce, "Trevor, ai kai ke da gaskiya tun farko. Babu kamarsa."

Baba ya dube shi, ya gyaɗa kai da ladabi, ya mayar da fuska ga taga.

Ladabin nan shi ya fi ci mini rai. In na kawo masa shayi sai ya ce, "Na gode, baiwar Allah," irin godiyar da ake yi wa baƙuwar da ta ba ka kujera a bas. In na ɗora masa Ivor a cinya, sai ya riƙe shi da kyau, ya tsaya cak yana jiran mai yaro ta zo ta karɓi abinta. Bai taɓa tambayar ko ɗan wane ne ba. Abinci ma ya rage ci, har wandonsa ya fara zamewa.

Mun riga mun samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi, a cikin makon za a kai shi. Ba ni da wani zaɓi, matakalar gidan ta fi ƙarfinsa, ni kuma hannuna biyu ne kawai. Abu ɗaya nake so kafin ya bar gidan da ya rene ni a ciki: ya san yaron nan jikansa ne, ko da na ɗan lokaci ne.

Lahadin ƙarshe ta zo da yayyafi. Ɗakin da zai koma ƙarami ne, kanta ɗaya ce a bango, don haka na roƙi Baffa Clive da Gwaggo Glenys su zaɓar masa fayafayan da zai tafi da su, sauran a zuba a kwali. Na bar su durƙushe a bayan kujerar Baba, na shiga kicin ina wanke kwalaben madarar Ivor, shi kuma yana barci a kwandonsa kusa da ƙofa.

Da raɗa suka fara.

"Me kake cusawa a nan?" in ji Gwaggo Glenys.

"Ba komai."

"Na gani, tsohon banza. Mai Fitila ne. Kayan Trevor ake haɗawa, ba naka ba."

"Nasa ne ai. Ni na ba shi ranar aurensa."

"Kuma ya ajiye shi ƙarƙashin tukunyar fure har bangon ya yi zobe. Duba."

"To, ko yanzu ya samu damar jin kiɗa na gaskiya. Mai Hayaƙi dai, Glenys, mu faɗi gaskiya tunda ba ya ji, kamar an sako tukwane ne daga saman bene."

"Naka fa? Waƙa ɗaya, ka ɗora dankali, ya dahu, ka ci, ka wanke kwano, mai gogen nan bai gama kuka ba."

"Wannan ake kira haƙuri da fasaha. Naku mai gangar ko lissafin bugu bai iya ba."

"Da karyayyen yatsa ya buga gefe na biyu na faifan gaba ɗaya. Naka 'yan makarantar zane ne, hannunsu bai taɓa ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi ba."

Muryoyinsu suka hau ba su sani ba. Na goge hannuna na fito da niyyar tsawatar musu, har na buɗe baki. Sai idona ya sauka kan Baba.

Ya bar kallon taga. Bai juyo ba, amma ya karkatar da kai, kunnensa na dama yana wajensu, haɓarsa ta turo gaba. Na san haɓar nan. Ita nake gani ina ƙarama in na leƙo daga matakala, daf da lokacin da zai buga hannun kujera. Yatsunsa suna motsi a kan bargo.

Baffa Clive ya hango ni, ya yi sauri ya sauke murya. "Yi haƙuri, Keeley. Mun manta." Ya leƙa ta gefen kujera ya ce, "Wasa muke yi, Trevor. Naka ne na ɗaya."

A gabana haɓar ta koma, yatsun suka kwanta.

Na tsaya da tawul a hannu ina lissafi irin na uwa. In ya fusata, zai iya yunƙurin tashi ya faɗi. In aka ƙara murya, Ivor zai tashi da kuka, kunnuwansa ba su yi ƙwari ba. Amma shirun nan da nake gadi tun bazara bai dawo mini da Baba ko sau ɗaya ba.

Na hau sama na ɗauko abin toshe kunne na jarirai, mai laushi, wanda na saya saboda daren wasan wuta. Na sa wa Ivor, na gyara igiyar don kada ta matse shi. Na janye teburin shayi daga gaban Baba, na ce wa Gwaggo Glenys ta tsaya ta gefensa na hagu inda ƙafarsa ke da rauni. Sannan na zare Mai Fitila daga hannun Baffa Clive, na cire na Baba daga garmaho, na ɗora allura, na murɗa sauti.

Gogen ya cika falon. Na ɗauki Ivor na zauna a kan kujerar da ke fuskantar Baba, inda Baffa Clive ya saba zama.

"Wannan shi ne faifan da ya fi kowanne a shekarun saba'in," na ce. "Mai Hayaƙi hayaniya ce kawai. Mawaƙin ma ba waƙa yake yi ba, tari yake yi."

Baffa Clive ya dube ni kamar na zare. Gwaggo Glenys ce ta fara ganewa.

"Yarinyar ta yi gaskiya," ta ce. "Shekara da shekaru ina jin kunyar gaya maka, Trevor."

"Ni dai na sha faɗa," in ji Baffa Clive a hankali, sannan ya gyara tsayuwa ya ƙara da ƙarfi, "Na sha faɗa, mai kunnen ƙarfe ba ya jin goge."

Baba ya buga hannun kujera. Ba da ƙarfin da ba, amma ya buga.

"Cire mini wannan kukan makokin," ya ce. Muryar ta dushe don rashin amfani. "Clive, a gidana? Mutanen da ba su taɓa ganin tanderu ba za su koya mini kiɗa? Gefe na biyu, waƙar farko. Saka ta. Saka ta ka ji yadda gangar ke shigowa, in kana da sauran kunya."

"Shigowa a makare," in ji Baffa Clive. Hawaye na bin gefen hancinsa, bai share ba.

"Da gangan ne, jaki. Mai gangar jira yake yi. Kai ba ka taɓa sanin jira ba, shi ya sa Glenys ta ƙi ka."

"Don wannan faifan na ƙi shi," in ji Gwaggo Glenys.

Na miƙa hannu na rage sautin, domin na ga Baba ya sunkuyo gaba, idonsa a kan abin da ke cinyata. Ya daɗe yana kallon Ivor, da abin da ke kunnensa. Ya ɗago ya kalle ni.

"Gara da kika toshe masa," ya ce. "Kada ya ji wannan."

Ya sa yatsa a hankali ya ɗaga gefe ɗaya na abin toshe kunnen. Hannuna ya motsa don in hana, na riƙe shi. Baba ya kai bakinsa kusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa jariri.

"Kada ka saurari uwarka, ka ji? Keeley ba ta da kunne tun tana ƙarama. Wajen mahaifiyarta ta gado. Ka zo wajen kakanka, ni zan koya maka."

Ya mayar da abin yadda yake, ya daidaita shi da babban yatsa.

"Me sunansa?"

"Ivor, Baba."

"Ivor." Ya gwada sunan a baki. "Hannun mai ganga gare shi."

Muka saka masa gefe na biyu. Suka ja gardamar har shayi ya huce, ya ci biredi da cuku yana magana da cikakken baki. Kafin yayyafin ya tsaya, ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ya koma taga. Da na karɓi kofin daga hannunsa ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Na ce ba komai.

Ranar da muka kai shi, na jera fayafayan a kan kantar da hannuna, Mai Hayaƙi da Mai Fitila kafaɗa da kafaɗa, zoben tukunyar furen yana kallon waje. Matar da za ta riƙa kula da shi ta tambaye ni ko akwai abin da ya kamata ta sani, bayan magunguna da ƙafar hagu.

Na gyara wa Ivor hula, na ce mata, "Ranar Lahadi wasu tsofaffi biyu za su zo, za su ɗaga murya. Ki rufe ƙofa kawai, kada ki raba su. In kuma ya tambaye ki wanne ya fi a cikin faifan nan biyu, ki nuna mai hoton hasumiya."