Kabad ɗin da Ya Karkace a Cikin Bas

Surukin kafinta na taka birkin bas ɗin a bakin titi, ƙofofin kabad ɗin guda shida suka buɗe da kansu. Kofin da ke kan teburin girki ya sulale sannu a hankali har ƙarshe, ya faɗo ya fashe.

Kafintan ya tsaya a tsakiyar bas ɗin, hannu a ƙugu. Wata biyu ya yi yana mayar da tsohuwar motar nan gida, domin 'yarsa da mijinta su riƙa kwana a ciki in sun fita yawon ɗaukar hoto. Gado, durowa, wurin tukwane, duk da ma'aunin ruwa irin na magina ya daidaita su, yadda ya saba a ɗakunan mutane shekara talatin. Sai yanzu ya tuna harabar shagonsa gangare ce. A karkace motar take tsaye duk kwanakin nan.

Kuma surukin ya faɗa tun ranar farko, kansa a ƙasa: "Baba, da daga daɓen motar aka auna..." Shi kuwa ya amsa a gaban masu shagunan layin: "Kai dai riƙe kyamararka."

"Baba, ko aljanu ka saka mana a ciki?" in ji 'yar, tana dariya. Ta dubi fuskarsa, dariyar ta ɗauke.

"Taya ce," surukin ya yi wuf ya ce. "Iskar gefe ɗaya ta yi yawa. Bari in duba."

Ya sauka. Can kafintan ya ji wani siririn huci. Ya leƙa ta taga, sai ga surukin durƙushe, yana sace iskar lafiyayyar taya da tsinken ashana. Motar ta fara kwantawa hagu. Ƙofar kabad ɗaya ta koma ta rufe kanta.

Kunya ta rufe shi. A kan tayar nan 'yarsa za ta hau babbar hanya.

Ya sauko da ƙyar.

"Tashi, ɗana. Je ka sa a mayar da iskar."

"Baba, ai ya kusa daidai..."

"Na ji. In ka dawo, ka kai ta inda ƙasa take shimfiɗe." Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya miƙa masa, bai iya haɗa ido da shi ba. "Kai za ka auna. Ni zan kwance kabad ɗin."