Alamar Baba a Teku

Duk watan Maris, a gidanmu mukan ɗaure rassan zaitun a jikin dutse mu nutsar a teku, don kalamari, halittar nan mai hannu goma da muke ci muke sayarwa, ta saka ƙwai a kai. Wuri ɗaya muke zuwa: inda hasumiyar coci ta daidaita da ɓauren bakin gaɓa. Alamar Baba ke nan, kuma a tsibirinmu wanda ya bar alamar ubansa kamar ya zage shi ne.

Shekara uku a jere muna jawo rassan fayau, ko ƙwai ɗaya babu. Ni na san dalili. Ruwan wurin ya yi ɗumi, ya kwanta kamar romon jiya. A bayan tsibiri kuwa, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa, na sha ganin 'ya'yan kalamari ƙanana, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Na ce bana mu kai rassan can.

"Jerka, wato ke kin fi Baba sanin teku?" in ji yayana Dinko. "Jiya-jiya fa kike amai a kwalekwale."

"Yaya, tsoma hannunka ka ji. Wannan ai ruwan wankan jariri ne."

"To malamar ruwa, a sauka lafiya."

Ni kaɗai na tafi bayan tsibirin. Dami shida na nutsar, igiya ta saluɓe min tafin hannu. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na teku ba, na Baba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a ƙofar gida, alamar nan ce kaɗai ta rage masa a cikin ruwa.

Bayan sati biyar na jawo dami ɗaya, da ƙyar ya taso. Ƙwai farare suna reto a jikinsa kamar yatsu. Na karyo reshe, na sa a bokiti da ruwan teku, na dire a gaban Baba.

Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba daga wurina ba ne."

"A'a, Baba."

Dinko ya ja gefe yana jiran a yi min tsawa.

"Da me kika daidaita wurin?" Baba ya tambaya.

"Fitilar jiragen ruwa da tsagar dutse."

"Riƙe alamarki da kyau," in ji Baba. "Ni ma ta kakanku na bari. Shekara guda bai yi min magana ba." Ya turo bokitin da ƙafarsa mai lafiya. "Maza mayar da su, kafin ruwan ya yi ɗumi."