Tekun da Ikilima Ta Zaɓa

Ikilima ba ta taɓa ganin teku ba. A Gusau aka haife ta, kuma ruwa mafi girma da ta sani shi ne na dam, wanda makarantarsu ta taɓa kai su suka hango daga nesa. Bayan aure mijinta Dalhatu ya kawo ta Riyad, garin da ko kududdufi ba ya kwana. Shi akawu ne a wani kamfanin kayan gini a Ulaya. Ita kuwa duniyarta ɗakuna biyu ne a saman wani tsohon bene a Al-Jaradiya, da yara biyu: Amir, ɗan shekara biyu da ɗoriya, wanda ba ya zama, da Nazira, wadda ko zaman ba ta fara ba.

Wata rana da yamma Dalhatu yana cin tuwo, sai ya yi magana kansa a sunkuye.

"Maman Amir, ke da kike son karance-karance, ki duba mana wani bakin teku mai kyau. Wanda za a iya zuwa da jariri da yaro mai ƙiriniya, a huta."

Ta ajiye ludayi. "Teku? Abban Amir, da gaske kake ko zolaya?"

"Hutun makaranta na watan Maris nake nufi. Ke dai ki duba."

Ta kuwa duba. Duk lokacin da yaran suka yi barcin rana, sai ta jingina da bango da waya a hannu, tana karanta abin da iyaye mata suka rubuta, na Turanci kai tsaye, na Larabci da taimakon fassara. Da farko Jidda ta burge ta, sai ta tuna nisan hanya, ta hango Amir ɗaure a kujerar mota tun safe har dare yana ihu, ta fasa. Ta ga hotunan Umluj, rairayi fari fat kamar garin sitaci, ta yi kwanaki tana komawa tana kallonsu. Amma can ma nisa ne, kuma ta kasa samun wanda zai tabbatar mata da asibitin yara a kusa. Nazira kuwa da ɗan zazzaɓi take tayar da hankalin gida.

A ƙarshe ta tsaya a kan gabas, wajen Khubar. Tafiyar rabin yini ce. Ruwan wurin kwance yake, ba ya tumbatsa, an ce babba zai yi ta tafiya a ciki bai wuce gwiwa ba. Akwai ƙananan gidajen haya a bakin ruwa, waɗanda ake kira shale, kowanne da katangarsa da rumfarsa, inda mace za ta shayar da 'yarta ba mai kallonta.

Dalhatu ya saurare ta yana gyaɗa kai, har da cewa ta tura masa hotunan.

"Ki ƙara dubawa ko akwai mai ɗan ɗaki a baya," ya ce.

"Ɗaki a baya na me? Mu da ba mu da 'yar aiki?" Ta yi dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

Daga nan Ikilima ta shiga shiri. Ta soya cincin, ta yi dambun nama. Ta sayo wa Amir bokitin roba da ɗan shebur, da hula mai faɗi wadda ya ƙi sakawa. Ta buga wa mahaifiyarta waya ta gaya mata, Hajiya ta ce ta riƙe yaran da kyau, ruwa ba abin wasa ba ne, sannan ta yi ta sa wa Dalhatu albarka. Ƙanwarta Jamilatu ta ce in ba a turo mata hoto ba, to ba a je ba.

Ana gobe tafiya, Dalhatu ya dawo daga ofis da wata baƙar leda, ya tura ta bayan ƙofa, ya yi alwala ya fita sallar la'asar. Bai daɗe da fita ba aka ƙwanƙwasa. Delou ce, maƙwabciyarsu ta ƙasa, mutuniyar Maraɗi, wadda ta yi shekaru tana aiki a gidajen Larabawa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita.

"Ƙanwata, kina lahiya? Na zo ki nuna mini kayan Amir tun yanzu, kada gobe a yi ta gaggawa. Mi yake ci da safe? Kar ki bar mini yaro yana kuka ban san kanshi ba."

Ikilima ta dube ta. "Kayan Amir kuma, Yaya Delou? Ai suna cikin jaka. Da shi za mu."

"Da shi za ku ina? Maigidanki ya ce mini wurina zai zauna har ku dawo. Madam ta ce ta goye kaɗai za a taho da ita."

"Wace madam?"

Delou ta dubi jakunkunan da aka jera, da bokitin roba a hannun Amir, sannan ta zauna a hannun kujera a hankali.

"Matar kafil ɗinshi," ta ce. "Wallahi na ɗauka kin sani."

Kafil shi ne mai kamfanin, wanda sunansa ke riƙe da iƙamar Dalhatu, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, da tata, da ta yaran. Ikilima ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da ta sani kawai shi ne in ya kira waya, Dalhatu miƙewa yake yi tsaye ko da yana kwance.

Ba ta san abin da ya kai ta bayan ƙofa ba. Ta jawo ledar ta zazzage a kan kafet. Riga da wando ne kala biyu, ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗi, masu farin wuya, da ƙaramin gyale, da wani ƙyalle mai igiya na ɗaurawa a ƙugu.

"Ko kayan shiga ruwa ne?" ta ce, muryarta ta yi siriri. Ita ma ta san ba su ba ne.

"Maryul ne," Delou ta ce. "Kayan shaggala. Shi 'yan aiki ke sawa. Nawa ma ruwan hoda ne."

Delou ta ɗauki Amir ta ce bari ta je ta ba shi alawa, ta sauka da shi.

Da Dalhatu ya dawo ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya ga kayan a baje, ya ga matarsa zaune a ƙasa da Nazira a cinya, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Yau da daddare na yi niyyar gaya miki," ya ce.

"To ga ni. Gaya mini da rana."

Ya zauna nesa da ita. Ya ce 'yar aikin gidan kafil ta koma ƙasarsu, sabuwa ba ta iso ba. Rannan a ofis kafil yana ƙorafi, madam na son zuwa teku amma ba mai riƙe mata yara, jariri da wansa.

"Sai na ce masa, ranka ya daɗe, ni da iyalina ai naka ne, muna ƙarƙashin umarninka. Kin san yadda ake faɗa. A gida in ka gaya wa babba haka, zai ce Allah ya yi albarka, a wuce wurin. Shi kuwa sai ya ce madalla, matarka ta zo ta taya Ummu Sultan, wato madam. Har ya buga mata waya a gabana."

"Sai ka ce me?"

"Me zan ce, Ikilima? In ce masa wasa nake yi?"

"Ka ce masa ladabi ne. Ka ce masa haka muke magana a garinmu."

"Ba ki san mutanen nan ba."

"Ban san su ba. Kai na ɗauka na sani." Ta gyara wa Nazira kwanciya. "Wannan ranar ce ka dawo ka ce in duba teku?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ashe jaririn da nake ta nema wa inuwa ba nawa ba ne. Ruwan da na ce ba zai ci yaro ba, ɗan madam ne zai shiga. Ni da kaina na zaɓo ɗakin bayan da za a ajiye ni, kana zaune kana gyaɗa mini kai."

"Ni ban taɓa ce miki mu kaɗai za mu je ba. Cewa na yi za a je."

Wannan maganar ta fi kayan da ke ƙasa yi mata ciwo, domin gaskiya ce. Ta bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ga yadda ya yi ta taka su a hankali kamar mai tsallake kwata. Ba tuntuɓen baki ba ne. Ya san abin da yake yi tun ranar tuwon.

"Na gaya wa Hajiya," ta ce. "Ta yi ta sa maka albarka."

"Haba Maman Amir. Ai za ki ga tekun dai. Da yamma in yaran sun yi barci za ki iya fita ki..."

"Da wannan a jikina?"

"Kwana nawa ne duka? Ki taimake ni. Iƙamarmu a hannunsa take."

Ta san wannan ma gaskiya ne. Abin da ya fi damunta shi ne, da ya shigo a ranar ya zauna ya ce, Ikilima, bakina ya jawo mana, ki rufa mini asiri, da wataƙila ta yi kuka ta yi masifa, sannan ta tafi. Ba aikin take ƙyama ba. Delou ta yi shi, kuma ba wanda ya fi Delou mutunci a benen nan.

"Da ka roƙe ni, da na je," ta ce.

"To ina roƙonki yanzu."

"Yanzu Yaya Delou ta riga ka gaya mini."

Ta miƙe ta ninke kayan yadda suka zo, ta mayar cikin leda, ta ajiye a gaban ƙafarsa.

"Ba zan je ba. Abu ɗaya nake so: ka gaya masa gaskiya. Ka ce ka yi alƙawari da abin da ba ka tambaya ba. In zai yi fushi, ya yi a kan gaskiya."

Ya dubi ledar. "Zan gaya masa," ya ce.

"Ka rantse."

"Na ce zan gaya masa."

Washegari da hantsi wata babbar mota fara ta tsaya a ƙofar benen ta yi oda. Kafil ne da iyalinsa; Dalhatu zai bi su, shi zai karɓi tuƙi a hanya. Ya ɗauki jakarsa da baƙar ledar, ya shafa kan Amir ya sauka.

Ikilima ta tura gilashin tagar kicin, wadda ke kallon titi. Ta ga farar rigar kafil ta tagar mota, ta ga inuwar mace a baya da jariri a kafaɗa. Ta ga mijinta ya rusuna, hannunsa a ƙirji. Larabcinta bai taka kara ya karya ba, amma ta yi zaman asibiti da yara, ta san kalmar da ta ji ya maimaita har sau biyu yana nuna sama.

Marida. Wai ba ta da lafiya.

Kafil ya girgiza kai yana jajantawa. Madam ta yi wata magana mai kaifi daga baya. Dalhatu ya ƙara rusunawa.

Ikilima ba mai ɗaga murya ba ce, ko a gidansu sai an ce ta maimaita. Amma ta ji bakinta ya kai ga ƙarfen tagar.

"Abban Amir!"

Duka suka ɗaga kai.

"Lafiyata ƙalau!"

Da Hausa ta faɗa, kuma a duk titin mutum ɗaya ne ya ji abin da ta ce. Kafil ya tambayi Dalhatu da hannu, me take cewa? Ta tsaya tana kallon mijinta, tana jira ta ga ko zai fassara.

Dalhatu ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu kamar mai amsa addu'ar tafiya, ya zagaya ya shiga mota.