Hotunan Kawu a Gajimare

Tun safe tsohuwar kwamfutar shagon Kawu take gurnani, kuma kowa ya san kwananta ya kusa ƙarewa. A cikinta duk hotunan da Kawu ya ɗauka suke, har da na marigayiya ƙanwarsa, uwar yarinyar da gida ke tsokana da Injiniya. Yarinyar aka kira ta kwashe su zuwa gajimare, ma'ajiyar nan ta intanet, kafin na'urar ta mutu.

Ta buɗe jagorar da kamfanin ma'ajiyar ya rubuta. Shafi bayan shafi, da hotuna da kibiyoyi, duk don wata babbar manhaja ce daban, wadda yawancin ofisoshi ke amfani da ita. Ta Kawu kuwa kyauta aka saka masa tun da daɗewa. Masu irinta layi ɗaya tal aka jefa musu a can ƙasa, wai su yi makamancin haka. Wanda ya rubuta wannan layin dai ko a jikinsa.

Kawu na tsaye a kanta yana karkaɗa makullai. Ya ce ai shi ya ɗauka abin danna-danna ne, ko dai karatun nata na ado ne? Ta yi dariyar yaƙe.

A manhajar Kawu babu maɓallan da ke jagorar, sai dai a rubuta umarni da adireshi biyu, na gajimare da na kwamfuta, a ce ɗaya ya zama daidai da ɗaya. Wanne ke gaba? Babu inda aka faɗa. A hoton jagorar gajimare ne a farko, kwamfuta na biye. Fankar kwamfutar ta yi wata ƙara, allon ya ɗauke ya dawo. Tsoro ya kama ta. Ta bi tsarin hoton, ta danna.

Kafin ta sauke numfashi aka rubuto an kammala.

"Kai, har an gama? Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji Kawu. "Buɗo min na mahaifiyarki mu gani."

Ta leƙa gajimare, wayam yake kamar yadda ta same shi. Sai ta buɗe jakar hotunan da ke kwamfutar. An daidaita su kuwa, an mayar da jakar tamkar gajimaren, ita ma babu komai a ciki.

Kawu ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, yana goge tabarau.