Fitilar Inna a Wayar Auta

Almakashi na tsakiyar yadi Auta ya sake shi, ya ƙara ɗaukar wayar. Ya goge gilashinta da gefen riga, ya matso da ita kusa da hanci, ya nisantar da ita. Layin dai yana nan yadda ya bar shi, a miƙe ɗoɗar can sama, kamar igiyar shanya da ba a rataya mata ko ɗankwali ba.

"Dogo," ya ce da abokin aikinsa, wanda ke taka keken ɗinki a bakin ƙofa, "zo ka ga wani abu."

"In labarin batirin tsohuwarka ne, na ƙoshi. Na jiya ma bai narke ba."

"Don Allah zo."

Auta tela ne. Gemunsa ya fara furfura, 'yarsa ta fari har ta yi aure, amma sunan da uwarsa ke kiransa da shi ya biyo shi birni ya zauna masa a shago. Bara ne ya kai wa Inna sola can ƙauyensu, inda ba abin da wutar gwamnati ta aiko sai turaku. Aka ɗora faifai a kan rufin kwano, aka jera batura a ƙuryar ɗaki. Da za a tashi, mai sola ya fito da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, da layin waya a cikinta, ya ce kuɗinta bai kai na takalmi mai kyau ba. Ya maƙala ta a jikin baturan. Tun daga ranar, duk abin da ya sha wuta a gidan Inna sai ya zana kansa a wayar Auta.

Ya koyi karanta layin cajin baturan nan kamar yadda maharbi ke karanta sawu. Ya ɗan lotsa da asuba, Inna ta kunna ƙwan tsakar gida za ta yi alwala. Ya gangara a hankali da hantsi, rediyo ce. Rana ta take, ya haura ya yi tozo kamar na raƙumi, sai kuma fanka ta ɗan gutsire tozon, wato tsohuwa ta kishingiɗa. Auta yakan zauna yana kallon wannan tudu da kwari yana murmushi shi kaɗai. Yakan ce ya fi Yaya, babbar 'yar'uwarsa, sanin halin da Inna ke ciki, duk da Yaya na aure a garin da ke kusa da ita. Kira ma ya ragu. Me zai tambaya? Gani ai ya kori ji.

Sau ɗaya layin ya taɓa ɓata masa rai. Da damina ta kama, hadari ya riƙa rufe rana, sai ya ga layin na faɗawa cikin ja kullum kafin gari ya waye. Mai sola ya ce batirin da ake yawan zuƙewa ƙasa da rabi ba ya tsufa. Nan take Auta ya kira.

"Inna, me kike barin sa a kunne in kin kwanta?"

"Kai da kake can, wa ya gaya maka?"

"Ina gani ai. Ƙwan tsakar gida da na bayan gida. Baturan nan za su mutu, Inna, kuma ba a hanya ake tsintar su ba."

"To, Auta. Na ji."

Daga ranar layin ya gyaru. Har Dogo ya nuna wa, ya ce ka ga amfanin ilimin zamani.

Yanzu Dogo ya karɓi wayar yana ƙanƙance ido. "Ɗari bisa ɗari. To mene ne na ɓata fuska? Ba cike yake ba?"

"Tun jiya da hantsi yake cike. Magariba ta wuce, asuba ta wuce, ko ƙwai ɗaya ba a kunna ba."

Dogo ya miƙo masa wayar a hankali. Bai koma kan keke ba.

Wayar Inna a kashe. Ta Yaya ta yi ta ƙara har ta gaji. Auta ya kira mai sola, yana fatan ya ji an ce na'urar ce ta lalace, tunda araha ba ta ado.

"A'a, maigida," in ji mai sola. "Da ita ce ta mutu, ba za ka ga layi ba sam. Tana aiko da saƙo lafiya lau. Gidan ne ba ya shan wuta."

Gidan ne ba ya shan wuta. Auta ya fita da zaren awo rataye a wuyansa, sai a tasha ya lura da shi.

Motar ta cika maƙil. Kusa da shi wani dattijo ya rungume agogon bango a cinya kamar jariri, agogon kuma yana ta aikinsa, bai damu da gargada ba. Auta ya kalli agogon, ya kalli wayarsa. Duk inda sabis ya dawo sai ya duba, layin kuma ya ƙi ko motsi. Ya riƙa ganin ta a bayan ƙofa, kwance, hannu ɗaya a miƙe wajen maɓalli. Ya yi ƙoƙari ya tuna abin da ta ce a kiransu na ƙarshe, makon da ya wuce. Abin da ya tuno duka maganarsa ce. Shi ya ce mata ya ga yau ta tashi da wuri. Shi ya ce ya ga ta daɗe tana jin rediyo. Ita "haka ne" kawai ta yi ta cewa.

La'asar ta yi ya isa. Ya zo da shirin ɓalle ƙofa, sai ya tarar da kwaɗo a rataye ta waje. Ya tsaya yana kallon kwaɗon, kansa ya kasa haɗa lissafin. Wanda ya mutu a ɗaki ba ya kulle kansa ta waje.

Ya leƙa ta taga. Gado a gyare. Baturan a ƙurya, 'yar na'urar na ƙyafta koren idonta. Gizo-gizo ya yi saƙa daga bakin butar alwala har jikin bango, saƙa mai kauri, wadda ba ta kwana ɗaya ba ce.

Can ya ji ƙarar ƙarfe a bayan katanga. Matar mai faci ce, maƙwabciyar Inna, ta sunkuya a bakin rijiya tana jan igiya mai ƙugiya. A gefenta ta tara abin da ta kamo: tsohuwar guga, murfin tukunya, takalmi wari ɗaya. Da ta ɗago ta gan shi, sai igiyar ta suɓuce ta bi sauran kaya ƙasa.

"Innalillahi! Malam Auta! Na shiga uku."

"Ina Inna?"

"Wallahi ba da gangan ba ne. A bakin zanina na ɗaure shi, na sunkuya ɗiban ruwa, sai ji na yi ƙulum. Tun jiya nake fama."

"Me ya faɗa? Ina Inna nake tambayar ki!"

"Makullin ne. Inna tana asibiti, wajen Yayarku. Da ranta, da ranta, kwantar da hankalinka. Ƙashin ƙugu ne ya karye."

Ya zauna a kan turmin da ke kife a wurin. "Jiya?"

Matar ta kalli rijiya, kamar amsar ma can ta faɗa. "Wata ya kusa zagayowa."

"Ƙarya ne. Shekaranjiya ta kunna fitila da asuba. Ta ji rediyo. Da idona na gani."

"Ni ce, Malam."

Sai ta kwashe duka ta faɗa masa, tana murza yatsu. Ana ɗora Inna a mota, tana cikin wannan azaba, ta damƙa mata makulli ta karanta mata darasi. Da asuba ƙwan tsakar gida, gwargwadon alwala da salla. Da hantsi rediyo, har a gama labarai da gaishe-gaishe. Da rana fanka. In an wayi gari da sanyi kada ta kunna fanka, don Auta zai gane. In dare ya yi kuwa, kome a kashe.

"Haka nake zama a ɗakin nan ni kaɗai, fanka na fifita gado ba kowa. Maigidana har cewa yake na samu aikin gwamnati. Wani lokaci in rediyo na magana sai in ji tsoro, in ga kamar ɗakin ne ke hira da kansa."

Auta ya kalli wayar da ke hannunsa. Duk safiyar da ya yi murmushi yana cewa tsohuwa ta tashi lafiya, ashe matar mai faci yake yi wa barka da asuba.

Babur ya kai shi garin su Yaya. Ya same ta a barandar asibiti, tsugune a bakin famfo tana wanke kwano. Ta rame. Da ta gan shi ba ta yi mamaki ba, ta dai ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita.

"Na ga kiranka. Na rasa ƙaryar da zan yi, shi ya sa ban ɗauka ba. Tata wayar kuma caji ya ƙare."

"Yaya, uwata ta karye, a ɓoye mini? Ni bare ne?"

"Ita ta sa ni rantsuwa. Kuma kai da kake gani daga can, me za a gaya maka?"

"Kada ki yi mini gatse."

"To, ba gatse." Ta miƙe, ta yarfe ruwan hannunta. "An yi ruwa, tsakar gida ta yi santsi. Ta fito za ta bayan gida a cikin duhu. Nan ta kwanta a cikin taɓo har aka kira asuba, sannan maƙwabta suka ji nishinta."

"A cikin duhu kamar yaya? Maɓallin na nan dab da ƙofarta. Ni na sa aka sauko da shi daidai hannunta. Me ya hana ta kunnawa?"

Yaya ta dube shi ido cikin ido.

"Ni za ka tambaya, Auta?"

Famfon na zuba a cikin kwano, ya cika ya fara malala. Ba wanda ya rufe shi. Auta ya tsaya yana kallon ruwan. Wata ma'aikaciyar jinya ta turo keken marasa lafiya ta ce a ba ta hanya, sai da ta faɗa sau biyu ya matsa.

"Shi ya sa ta ce kada ka sani," in ji Yaya, muryarta ta sauko. "Ta ce in ka ji ta faɗi, za ka tambayi yadda aka yi. In ka ji yadda aka yi, ba za ka ƙara cin abinci da daɗi ba. Shiga. Gadon ƙarshe, jikin taga. Kuma ka gyara fuskar nan."

Inna ta koma 'yar mitsitsiya a cikin farin zanin gado. An ɗaure ƙafarta da igiya, an rataya wani dunƙulen ƙarfe a ƙarshenta yana reto. Ta juyo ta gan shi, ta tsuke baki.

"Wa ya tona?"

"Rijiya, Inna."

"Makullin ko? Sai da na ce wa yarinyar nan ta rataya shi a wuya. Hannunta kamar rariya." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma da zaren awo ka zo? Likkafani za ka auna mini? To koma, da saura."

Ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannunta. Hannun ba nauyi, kamar busasshen ganye.

"Inna..."

"Kul. Kuka da gemu da furfura, a gaban mata? Tashi ka zauna a kujera kamar mutum." Ta jira ya zauna. "Ina jikata? Mijin yana riƙe ta da kyau?"

"Lafiya lau suke."

"Baturan fa? Ka duba su?"

"Cike suke."

"Alhamdulillahi. Ka ga ko ba kome sun huta."

Da gaske take faɗa. Ya nemi alamar zolaya a fuskarta bai samu ba, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da in ta zage shi.

Ɗakin da zafi. Gumi ya taru a goshinta, ya gangara cikin kunne. Sama da gadon wata tsohuwar fanka na juyawa a kasalance, tana ƙiƙi-ƙaƙa. Inna ta ɗaga ido ta kalle ta, ta kalli ƙofa, sannan ta yafito shi da yatsa. Ya sunkuyo.

"Miƙa hannu ka kashe musu abin nan," ta ce da raɗa. "Tun safe take juyi a kaina ni kaɗai. Wa ya sani ko su ma suna da mai dubawa."

Auta ya tashi ya je jikin bango. Ya ɗora yatsunsa a kan maɓallin, ya tsaya. Sai ya murɗa shi har ƙarshe. Fankar ta yi tari, ta ɗauki gudu, labulen taga ya tashi, gefen zanin gadon ya fara kaɗawa.

"Kai, Auta! Za ka ja mana magana!"

Ya dawo ya ja kujerar dab da kanta, ya tuɓe takalmansa, ya tura su ƙarƙashin gado.

"Bar ta, Inna. In mai dubawar ya kira, ki ba ni shi."