Robar Malamar Kimiyya

Tun daga bakin ƙofar ɗakin kimiyya warin ya mari Iya mai shara, sai da ta toshe hanci da bakin mayafi. Ta ɗauka ɓera ne ya mutu lokacin hutu. Ina! Wata roba ce mai kusurwa huɗu a cikin kabad. Damammen sitaci ya yi gashi, dafaffen ƙwai ya koma shuɗi a gefe guda, koren wake ya kumbura, ga wata leda cike da ruwa ta yi ɗare-ɗare a tsakiya, tsutsotsi na yawo a kanta kamar gidan ubansu.

"Tir! Wai masu digiri ke nan," in ji Iya. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya tana tofar da yawu, ta wanke robar tas.

Sai ga malamar kimiyya ƙwas-ƙwas, turarenta ya riga ta shigowa.

"Iya, ina abin da ke cikin robar nan?"

"Yana bola, 'yar nan, wajen 'yan uwansa."

Malama ta dafe kai. Ashe ƙazantar nan samfurin ƙwayar halittar tsiro ce, ita za a nuna wa sufeton ilimi yau ɗin nan. "Wallahi in na ji kunya, gobe ba ki da tsintsiya a makarantar nan!"

Shekara sha tara Iya na riƙe da tsintsiyar nan. Ba ta tsaya musu ba, ta ruga kicin ɗin makaranta, ta dama sitaci, ta dafa ƙwai, ta roƙo wake, ta ƙulla ruwa a leda. Malama kuwa ta tafi sabunta hoda.

Hannun Iya dumu-dumu cikin sitaci sufeto ya shigo, Malama na biye da shi.

"Baba, me ake haɗawa?"

"Ɗakin tsiro ne, ranka ya daɗe. Robar nan ita ce bango, shi ya sa ganye ke tsayuwa ba ƙashi. Koren waken nan su ne masu girki, da hasken rana suke dafawa. Ƙwan nan maigida ne, shi ke ba da umarni, amma ledar ruwa ta cinye ɗakin ta tura shi lungu, kamar mijin ƙanwata."

Shekara sha tara tana jin darasin nan ta taga, ai ko bango ya haddace.

Sufeto ya yi dariya har da buga tebur. Malama ta yi wuf ta ce ai ita ta koya mata.

"Madalla," in ji shi. "A rufe shi a kabad, kada kowa ya taɓa. Bayan wata uku zan kawo manya su gani. Baba, ke za ki riƙa duba shi kullum."

Iya ta dubi ƙwan. Ko hucewa bai yi ba, fari sol, kamar mutumin kirki.

"To, ranka ya daɗe," ta ce, tana laluben bakin mayafinta.